Cif Rotimi Williams: Lauyan da ya shafe sama da shekara 60 yana gwada iyakar ikon gwamnati a gaban kotu

Da wuya ɗalibin shari'a a Najeriya ya kammala karatunsa bai yi ta cin karo da sunan Cif Frederick Rotimi Alade Williams ba. Sunan na nan a saman hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, a layin da ake jera lauyoyin da suka tsaya wa mai ƙara ko wanda ake ƙara, tun daga zamanin Turawa har zuwa farkon Jamhuriya ta Huɗu. Bai taɓa hawa kujerar alƙali ba. Duk da haka, da yawa daga cikin ƙa'idojin da manyan kotunan jihohi ke bi a yau wajen rigimar fili, bashin banki da taƙaddama tsakanin talaka da hukuma sun fito ne daga shari'o'in da ya yi muhawara a kansu. Wasu ya ci, wasu ya sha kaye, kuma a cikin waɗanda ya faɗi akwai wadda ta fi sauran tasiri a rayuwar mutane ta yau da kullum.

An haife shi a Legas ranar 16 ga Disamba, 1920, a gidan da aikin lauya ba baƙo ba ne, domin mahaifinsa, Thomas Ekundayo Williams, lauya ne. Yayansa, Akintola Williams, shi ne ya yi suna daga baya a matsayin uban aikin akanta a ƙasar nan. Rotimi ya yi sakandare a makarantar CMS da ke Legas, ya wuce Kwalejin Selwyn ta Jami'ar Kambirij a Ingila, kuma a 1943 aka rantsar da shi lauya a Gray's Inn da ke Landan yana ɗan shekara 22.

A 1948 shi da Bode Thomas da Remi Fani-Kayode suka haɗa hannu suka buɗe ofishin lauyoyi na haɗin gwiwa, wanda ake lissafawa a matsayin irinsa na farko mallakar 'yan ƙasa. Dukkansu uku siyasa ta ja su. Thomas ya rasu da ƙuruciyarsa a 1953. Williams ya shiga jam'iyyar Action Group ta Cif Obafemi Awolowo, ya shugabanci Majalisar Garin Legas, ya zama minista a gwamnatin Yankin Yamma, sannan Antoni-Janar na yankin. A 1958 ya samu muƙamin Lauyan Sarauniya, shi da Cif H.O. Davies, su ne 'yan Najeriya na farko da aka ba wannan daraja. Daga 1959 zuwa 1968 shi ne shugaban Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya.

Ɗaya daga cikin shari'o'in da suka sa sunansa cikin littattafan koyarwa, shi kansa ne mai ƙara a cikinta. A watan Mayun 1962 jam'iyyar Action Group ta dare biyu, Gwamnan Yamma, Sa Adesoji Aderemi, ya tsige Firimiya Samuel Ladoke Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, aka ba hammata iska a zauren majalisa a Ibadan, kuma ranar 29 ga wata Majalisar Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin. Aka naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma, shi kuma ya fitar da umarnin taƙaita zirga-zirgar manyan 'yan siyasa. Williams, wanda yake ba ɓangaren Awolowo shawara ta fuskar shari'a, an killace shi a Abeokuta.

Ya kai ƙarar kantoman gaban Kotun Ƙoli ta Tarayya. Kotun ba ta rushe dokar ta-ɓacin ba, domin ta ɗauki wannan a matsayin hurumin majalisa. Sai dai ta ce ko a cikin dokar ta-ɓaci, dole hukuma ta nuna dalilin da zai sa a tauye wa takamaiman mutum 'yancin walwala, kuma ba a gabatar da wata hujja da ke nuna cewa Williams barazana ne ga zaman lafiya ba. Umarnin da aka yi a kansa ya faɗi. Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne tsohon abokin aikinsa, Fani-Kayode, ya koma ɓangaren Akintola, har ya zama mataimakin firimiya a 1963. Daga wannan lokaci Williams ya ja da baya daga siyasar jam'iyya, ya tattara hankalinsa a kan kotu.

Shekara takwas bayan haka ya yi shari'ar da har gobe ake koyar da ita a darasin tsarin mulki, wato ƙarar Lakanmi da Antoni-Janar na Jihar Yamma. A 1967 gwamnatin sojan Yamma ta kafa Doka ta 5, wadda ta ba ta ikon binciken dukiyar ma'aikata da wasu mutane. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Somolu ya hana Lakanmi da Kikelomo Ola taɓa kadarorinsu da asusunsu na banki. Suka je Babbar Kotu ba su yi nasara ba, suka ɗaukaka ƙara. Ana cikin haka Gwamnatin Sojan Tarayya ta fitar da Dokar Soja ta 45 ta 1968, wadda ta halatta duk abin da aka yi, ta hana kotu sauraron maganar, ta kuma ambaci sunayen mutanen da abin ya shafa a jadawalinta. A taƙaice, an rubuta doka ne domin a kashe ƙarar da ke gaban alƙali.

Williams ya bi ta hanyoyi biyu. Ta farko mai sauƙi ce, kuma ita ce ta fi amfani ga lauyan da ke aiki a jiha: tun a 1966 akwai dokar tarayya, Dokar Soja ta 51, da ta tsara yadda za a binciki dukiyar ma'aikata, saboda haka jiha ba ta da filin da za ta kafa tata dokar da ta saɓa mata. Ta biyu kuwa ta fi ƙarfin hali. Ya ce abin da ya faru a watan Janairun 1966 ba juyin da ya shafe kundin tsarin mulkin 1963 ba ne. Ministocin da suka rage ne suka miƙa wa soja mulki na wucin gadi saboda larura, don haka ikon soja bai wuce gwargwadon larurar ba. Antoni-Janar na jihar, Dakta F.A. Ajayi, ya tsaya a kan cewa juyin mulki ne cikakke, kuma dokar soja ba ta da na sama da ita.

Ranar 24 ga Afrilu, 1970, Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Sa Adetokunbo Ademola ta karɓi hujjojin Williams. Ta ce Dokar Soja ta 45 hukunci ne da aka sanya wa rigar doka, kuma yanke hukunci aikin kotu ne. Murnar ba ta yi nisa ba. Cikin kimanin mako biyu gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da Dokar Soja ta 28 ta 1970, ta ayyana cewa abin da ya faru a 1966 juyin juya hali ne, ta kuma soke duk wani hukunci da ya taɓa ingancin dokar soja. Masana na da saɓani har yau a kan ko kotun ta yi gaggawa, ganin cewa martanin da ta jawo ya ɗaure hannun alƙalai na tsawon shekaru. Amma hujjar farko ta rayu. Ƙa'idar cewa dokar jiha tana faɗuwa gwargwadon saɓaninta da ingantacciyar dokar tarayya tana nan a sashe na 4 na kundin 1999, kuma lauyoyi na dogara da ita a rigingimun haraji da lasisi tsakanin jihohi da Abuja.

A 1975 aka ƙirƙiro muƙamin Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, domin maye gurbin na Lauyan Sarauniya da aka daina bayarwa bayan ƙasar ta zama jamhuriya. Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas su ne na farko. A watan Oktoban shekarar Janar Murtala Muhammed ya naɗa shi shugaban kwamitin rubuta sabon kundin tsarin mulki. Mutum 50 aka zaɓa, Awolowo ya ƙi karɓa, suka rage 49. A cikinsu akwai Malam Aminu Kano, da Ben Nwabueze, da Dakta Yusufu Bala Usman, wanda shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu. Murtala bai ga ƙarshen aikin ba. Janar Olusegun Obasanjo aka miƙa wa rahoton a watan Satumban 1976.

Abin da aka fi tunawa da kwamitin shi ne tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka. A Arewa kuma ana tuna cewa daftarin da ya fito daga hannunsa ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Majalisar Tsara Kundi da Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta ce ta cire wannan tanadi a watan Afrilun 1978, abin da ya sa wakilai Musulmi da dama suka ƙaurace wa zaman na wani lokaci. Sulhun da aka cimma shi ne kowace jiha da ke so ta kafa tata Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, a kuma tabbatar da cewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya akwai aƙalla alƙalai uku masana dokokin iyali na Musulunci.

Akwai wani tanadi na kundin 1979 da jama'a ba su cika ambatonsa ba, amma lauyoyi sun san darajarsa. Sashe na 236 ya ba Babbar Kotun Jiha hurumi marar iyaka a kan ƙararrakin haƙƙoƙi. Ma'ana, mai ƙara a Sakkwato ko Kalaba yana da tabbacin cewa kotun jiharsa za ta saurare shi, ba sai ya tsaya lissafin ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Dokar Soja ta 107 ta 1993 ta rage wannan faɗi, ta keɓe wa Babbar Kotun Tarayya jerin batutuwa, kuma sashe na 251 na kundin 1999 ya gaji jerin. Tun daga nan tambayar farko da lauya ke yi wa kansa kafin ya shigar da ƙara ita ce wace kotu ce ke da hurumi. Shari'a kan yi shekara goma tana hawa, ta isa Kotun Ƙoli, a ce tun farko an shiga kotun da ba ita ba, a koma gidan jiya.

Kundin da ya taimaka aka rubuta, shi ma ya gwada shi a gaban kotu. A 1981 gwamnatin Jihar Bendel ta Farfesa Ambrose Alli ta ƙalubalanci dokar rabon kuɗin tarayya da Shugaba Shehu Shagari ya sanya wa hannu. Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun saɓa a kan ƙudurin, kwamitin haɗin gwiwa na kuɗi ya daidaita, aka kai wa shugaban ƙasa kai tsaye ba tare da an mayar wa majalisun biyu ba. Williams ya tsaya wa Bendel, kuma ranar 2 ga Oktoba, 1981, Kotun Ƙoli ta rushe dokar, ta ce kwamiti ba majalisa ba ne. Dole aka sake sabuwa.

A 1985 gwamnatin sojan Legas ta nemi fitar da Cif Chukwuemeka Odumegwu-Ojukwu daga wani gida a titin Queen's Drive da ke Ikoyi, wanda take ɗauka cikin kadarorin da aka bari lokacin yaƙin basasa. Magana tana gaban kotu, gwamnati ta tura jami'ai kusan 150 ɗauke da makamai suka fitar da shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mayar da shi, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, sannan ta garzaya Kotun Ƙoli tana neman a dakatar da umarnin da ta ƙi bi. Williams ne lauyan Ojukwu. Ranar 14 ga Fabrairu, 1986, kotun ta ƙi sauraron roƙon, kuma hukuncin Mai Shari'a Kayode Eso ya shahara saboda kaifin harshen da ya yi wa ɓangaren zartarwa. Kotun ba ta ce gidan na Ojukwu ba ne. Ba wannan ne a gabanta ba. Abin da ta kafa shi ne, da zarar rigima ta shiga kotu babu mai ikon ɗaukar doka a hannunsa, ko da gwamna ne, kuma wanda ya raina umarnin kotu ba zai zo yana neman alfarmarta ba. Duk lauyan da wata hukumar jiha ta rushe wa wanda yake karewa gini alhali ƙara na gudana, wannan hukuncin yake fara ɗaukowa.

Shari'ar da ya faɗi, wadda kuma ta fi shiga aljihun mutane, ita ce ta Bankin Savannah da Ajilo. Tushenta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ga mutanen Arewa wannan tsari ba sabo ba ne, domin an ɗauko ginshiƙinsa daga dokar mallakar ƙasa ta Arewa ta 1962, ita kuma ta samo asali daga dokar Turawa ta 1910. A Kudu kuwa, inda iyalai da ɗaiɗaikun mutane suka saba da cikakkiyar mallaka, babban sauyi ne. Sashe na 22 ya ce wanda gwamna ya ba haƙƙin zama a fili ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne, sashe na 34 kuma ya ce wanda yake riƙe da ginannen fili a birni tun kafin dokar za a ɗauke shi tamkar gwamna ne ya ba shi.

Ajilo yana da gida a Legas tun kafin 1978. Ya jinginar da shi ga bankin domin bashin da kamfaninsa ya ci. Da aka kasa biya banki ya tashi sayar da gidan, sai Ajilo ya je kotu ya ce jinginar ɓatacciya ce saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, alhali shi ne doka ta ɗora wa nauyin nemanta. Williams, a madadin bankin, ya ce a karanta dokar yadda aka rubuta ta: sashe na 22 yana magana ne a kan wanda gwamna ya ba fili da hannunsa, bai ambaci wanda ya riga ya mallaka aka ɗauke shi tamkar an ba shi ba. Hujja ce mai tsafta, kuma da an karɓe ta da miliyoyin tsofaffin gidaje sun tsira daga layin ofishin filaye. A watan Janairun 1989 Kotun Ƙoli ta ƙi. Ta ce manufar dokar ita ce duk filayen jiha su shiga tsari ɗaya, saboda haka babu bambanci tsakanin nau'o'in biyu. Bankin ya rasa jinginarsa.

Hukuncin ya girgiza bankuna, domin ya buɗe wa masu cin bashi ƙofar kuɓucewa da laifin da su suka aikata. Daga baya kotun ta sassauta. A shari'ar Awojugbagbe ta 1995 ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya a sa hannu kafin amincewar ta fito, muddin an rataya cikar cinikin a kanta, kuma wasu hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun nuna ƙyamar barin mai jingina ya ci ribar sakacinsa. Amma asalin ƙa'idar bai motsa ba. Shi ya sa har yau duk wanda ya sayi gida a Kano, Kaduna ko Fatakwal, lauyansa zai gaya masa cewa takardar ciniki kaɗai ba ta wadatar ba sai an samu sa hannun gwamna ko kwamishinan da ya wakilta, tare da kuɗin da kowace jiha ta yanka wa kanta.

Masu sukarsa sun sha cewa lauyan manyan kamfanoni ne da masu hannu da shuni, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ofishinsa na Palm Grove da ke Ilupeju a Legas ba wurin mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Sun kan kwatanta shi da Cif Gani Fawehinmi, wanda ya zaɓi hanyar fafutuka. Mutanen biyu sun yi karo a kotu bayan Ƙungiyar Lauyoyi ta umarci 'ya'yanta su ƙaurace wa kotunan soja na musamman da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa a 1984, Fawehinmi ya ƙi bin umarnin, ya kuma kai ƙungiyar ƙara. Williams na cikin manyan lauyoyin da suka tsaya wa ƙungiyar, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta ce ƙungiyar, a yadda take a lokacin, ba ta da matsayin da za a kai ta ƙara da sunanta. Darasi ne da ake maimaita wa sababbin lauyoyi: a tabbatar da cewa wanda za a kai ƙara doka ta san da zamansa.

Ya haura shekara 80 lokacin da ya jagoranci lauyoyin Gwamnatin Tarayya a ƙarar da ta shigar da jihohi 36 domin a fayyace iyakar jihohin gaɓar teku, saboda lissafin kason kashi 13 cikin 100 na arzikin mai. Wanda ya tsaya wa jiha a 1981, yanzu ga shi yana tsaya wa tarayya. Ranar 5 ga Afrilu, 2002, Kotun Ƙoli ta ce iyakar jiha tana ƙarewa ne inda ruwan teku ke tsayawa idan ya janye, man da ke can cikin teku ba na jiha ba ne. Jihohin Neja Delta, musamman Akwa Ibom, sun ji zafin hukuncin, har sai da aka warware maganar a siyasance da wata doka a 2004.

Abokan aikinsa sun yi masa laƙabi da Timi the Law, wato Timi shi ne dokar kanta. Mutum ne mai girman jiki ƙwarai, wanda shigarsa kotu ba ta ɓuya, kuma an san shi da nutsuwa wajen magana da haddar tsofaffin hukunce-hukunce. Ya fara aiki a zamanin da lauya ke cin shari'a da bakinsa, yana tsaye yana warware hujja ana rubutawa da hannu. Wannan zamani ya shuɗe a gaban idonsa. Kotun Ƙoli ta wajabta rubutacciyar muhawara tun 1977, kuma a 2004 Babbar Kotun Jihar Legas ta fito da sababbin ƙa'idojin shari'ar haƙƙoƙi da suka tilasta wa mai ƙara ya haɗo rubutacciyar shaidar shaidunsa da duk takardunsa tun ranar shigar da ƙara, tsarin da sauran jihohi suka yi ta kwaikwaya ɗaya bayan ɗaya.

Cif Rotimi Williams ya rasu ranar 26 ga Maris, 2005, yana da shekara 84, ya bar 'ya'ya da jikoki a cikin aikin lauya. Yayansa Akintola ya rayu bayansa shekara 18, ya rasu a watan Satumban 2023 yana da shekara 104.